Leftin, Saƙon da Kitse Ke Aika wa Ƙwaƙwalwa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yunwa, Ƙiba da Ciwon Sukari

Tambayoyin da ke ƙasa an tattaro su ne daga bakin mutanen da ke zuwa duba sukari da hawan jini a Birnin Kebbi, wasu daga cikin gari, wasu daga Jega, Kalgo, Argungu da Bunza, kuma kusan dukkansu abu ɗaya suke kewayawa: me ya sa jiki ke riƙe ƙiba kamar dukiya, me ya sa kuma yunwa ke ƙaruwa daidai lokacin da mutum ya ɗaura niyyar rage ci. Sinadarin da za a yi ta ambata shi ne leftin, wanda a takardun asibiti da jikin kwalaben magani ake rubuta shi da harafin "p" a gurbin "f".

Mene ne leftin, kuma daga ina yake fitowa?

Leftin homon ne, wato sinadarin da wani sashe na jiki ke zubawa a cikin jini domin ya kai labari ga wani sashe da ke nesa da shi. Ƙwayoyin kitse ne ke ƙera shi, musamman kitsen da ke kwance a ƙarƙashin fata, kuma gwargwadon yawan kitsen mutum, gwargwadon yawan leftin da ke yawo a jininsa. Kafin 1994 ana ɗaukar kitse a matsayin ma'ajiya kawai, wurin da jiki ke jibge rarar abinci. Gano leftin ne ya nuna cewa ma'ajiyar tana magana.

Manomi zai fi kowa saurin ganewa. Kitse rumbu ne, ƙwaƙwalwa ita ce maigida, leftin kuwa yaron da ke hawa ya leƙa rumbun kullum, ya sauko ya faɗi yawan hatsin da ya rage. Maigida ba ya ganin cikin rumbun da idonsa, da wannan rahoto yake yanke shawarar ko a ci gaba da fitar da awo kamar kullum, ko a tsuke hannu har kaka ta zo.

Su wa suka gano shi?

Labarin ya faro ne daga ɓera. A 1949, a ɗakin binciken Jackson da ke jihar Maine ta Amurka, aka haifi wasu ɓeraye masu cin abinci ba ƙaƙƙautawa, waɗanda nauyinsu ke kai wa ninki uku na 'yan'uwansu, daga baya kuma aka samu wani nau'in mai kama da su da ke haɗa ƙibar da ciwon sukari. Douglas Coleman ya yi wa ɓerayen tiyata ya haɗa su biyu biyu yadda jinin wannan ke shiga jikin wancan. Da ya haɗa nau'in farko da lafiyayyen ɓera, mai ƙibar ya rage ci ya fara ramewa. Da ya haɗa nau'i na biyu da lafiyayye, lafiyayyen ne ya daina cin abinci har ya mutu da yunwa. Daga nan ya fahimci cewa akwai wani abu a jini mai hana ci, wanda nau'in farko ba shi da shi, nau'i na biyu kuma yana da shi fiye da kima amma ƙwaƙwalwarsa ba ta jin saƙon.

A watan Disamba na 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta birnin New York suka gano ƙwayar gadon da ke ƙera sinadarin, bayan shekara takwas suna nema. An ciro sunan daga kalmar Girkanci mai nufin siriri. Coleman da Friedman sun karɓi lambar yabo ta Sarki Faisal a fannin likitanci a Saudiyya a 2013.

Shin leftin ne ke sa in ji na ƙoshi bayan na ci tuwo?

A'a. Ƙoshin da ake ji a ƙarshen cin abinci yana zuwa ne daga miƙewar ciki da kuma wasu sinadarai da hanji ke saki cikin mintuna. Yunwar da ke murɗa ciki kafin la'asar kuwa akwai hannun girelin a cikinta, wani homon da ciki ke fitarwa, wanda masu bincike a Japan suka gano a 1999; yana hawa kafin lokacin cin abinci, ya sauka bayan an ci.

Leftin lissafinsa na kwanaki da makonni ne. Yana isa wani ɗan gurbi a gindin ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamos, inda akwai rukunin jijiyoyi biyu masu jan igiya ɗaya, ɗaya yana ingiza mutum ga abinci, ɗaya yana janye shi. Idan leftin ya wadata sai ya kwantar da na farko ya ƙarfafa na biyu, idan ya yi ƙasa sai al'amarin ya juye, malmalar tuwon da ke ƙosar da mutum jiya ta kasa ƙosar da shi yau.

To idan masu ƙiba sun fi kowa leftin, me ya sa abinci bai fita ransu ba?

Wannan ita ce tambayar da ta karya gwiwar masana da 'yan kasuwa gaba ɗaya. A 1995 kamfanin Amgen ya biya dala miliyan 20 domin samun lasisin sarrafa sinadarin, bisa zaton an samu maganin ƙiba. Shekara guda bayan haka wani bincike ya nuna cewa leftin a jinin masu ƙiba ya kai kimanin ninki huɗu na marasa ƙiba, gwajin allurarsa da aka wallafa a 1999 kuma ya nuna cewa akasarin mutane kaɗan suka rage, duk da yawan abin da aka zuba musu. Masana suna kiran wannan hali bijirewar leftin, ma'ana yaron yana ta kiran cewa rumbu ya cika, maigida kuma ya yi kunnen ƙashi. Daga cikin dalilan da aka gano a dabbobi akwai raguwar leftin da ke iya ƙetarawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, da wani ɗan kumburi a haifotalamos bayan dogon lokaci ana cin abinci mai maiƙo.

Sai dai a ganina akwai bayanin da ya fi wannan gamsarwa. A 1996 Rexford Ahima, likita ɗan asalin Ghana da ke aiki a Boston, ya nuna tare da abokan aikinsa cewa faɗuwar leftin ce ke sanar da jikin ɓera shigowar yunwa, har jikin ya rage aikin homon ɗin maƙoshi mai sarrafa ƙona ƙarfi da na haihuwa domin tattalin ƙarfi. Wato babban aikin leftin gangami ne idan hatsi ya kusa ƙarewa. Maigidan da ya ji cewa saura dami uku a tsakiyar damina ba zai runtsa ba, amma wanda aka gaya wa dami ɗari ne ko ɗari da hamsin, duk ɗaya ne a wurinsa. Jikin ɗan Adam ya daɗe yana tsoron fari fiye da yalwa.

Na rage kilo goma, cikin shekara suka dawo. Sakacina ne?

Ba sakaci ba ne kaɗai, kuma amsar da ta gabata ita ce tushen bayanin. Da zarar kitse ya ragu leftin na faɗuwa, har fiye da gwargwadon kitsen da aka rasa, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka an shiga fari, ta ƙara yunwa, ta kuma rage ƙarfin da jiki ke ƙonawa ko yana zaune. A birnin Melbourne na Ostireliya an sa mutum 50 a kan tsauraran ƙa'idojin abinci na mako goma, suka rage kimanin kilo 13 da rabi kowannensu. A rahoton da ya fito a 2011, shekara guda bayan nan leftin ɗinsu na ƙasa da inda ya faro da kusan kashi 35 cikin 100, girelin na sama, kuma suna jin yunwa fiye da kafin su fara. A Jami'ar Columbia kuwa, Rudolph Leibel da Michael Rosenbaum sun nuna cewa mayar wa waɗanda suka rage kashi 10 cikin 100 na nauyinsu leftin zuwa matakinsa na da yana warware wani ɓangare na wannan tsumulmular ta jiki.

Abin da ya biyo baya a aikace shi ne a daina yi wa kai horon yunwa na wata guda. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, a riƙe shi shekaru, yana saukar da sukari da hawan jini fiye da rage kilo ashirin da za su dawo kafin babbar Sallah. Mai kilo 90 da ya sauka zuwa 83 ya zauna a nan ya ci riba.

Ƙiba gado ce? A gidanmu kowa na da jiki.

Gado na da babban rabo, amma a yawancin gidaje ɗaruruwan ƙwayoyin gado ne ke ba da gudummawa kaɗan kaɗan, a haɗu da tukunya ɗaya da ake ci. Rashin leftin tun daga haihuwa wani abu ne daban, kuma yana da wuyar samu ƙwarai. A 1997 likitoci a Cambridge ta Ingila, ciki har da Sadaf Farooqi da Stephen O'Rahilly, suka bayyana yara biyu 'yan dangi ɗaya, 'yan asalin Pakistan, waɗanda jikinsu ba ya ƙera leftin. Yarinyar tana da kilo 86 tana 'yar shekara takwas. Da aka fara yi mata allurar leftin kullum sai rigimar neman abinci ta lafa, ta rage kimanin kilo 16 a shekara guda.

Iyayen yaran auren zumunci suka yi, domin cutar ba ta bayyana sai yaro ya gaji gurɓatacciyar ƙwayar daga uwa da uba duka. Wannan ba dalilin tayar da hankali ba ne a gidajen da ake auren dangi, amma yaron da aka haifa da nauyi daidai, ya fara ƙiba mai tsanani tun yana watanni, yana kukan abinci dare da rana ko ya ƙoshi, ya cancanci ganin likitan yara a babban asibiti.

Mene ne haɗin leftin da ciwon sukari da hawan jini?

Darasi mafi ban mamaki ya fito ne daga mutanen da ba su da kitse ko kaɗan. Akwai wata cuta da ke hana jiki ajiye kitse a ƙarƙashin fata, masu ita sirara ne, jijiyoyinsu a fili, amma suna fama da yunwa mai tsanani da mummunan ciwon sukari, hantarsu kuma cike da maiƙo, domin babu rumbu, sai aka zube hatsin a ɗakin kwana. Su ne allurar leftin ta fi yi wa amfani, kuma dominsu hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin Myalept, wato leftin na allura, a 2014. Wannan ya nuna cewa kitse ba abokin gaba ba ne, inda ya zauna shi ne abin dubawa.

Kitsen da ke cikin tumbi, kewaye da hanji da hanta, shi ne ya fi sa jiki ya ƙi jin insulin, homon ɗin da ke saukar da sukarin jini. Yana tafiya tare da raguwar wani homon na kitse mai suna adifonektin, wanda ke taimaka wa insulin, kuma saɓanin leftin, raguwa yake yi idan ƙiba ta ƙaru. Game da hawan jini, binciken dabbobi ya nuna cewa ko bayan ƙwaƙwalwa ta daina jin saƙon leftin na hana ci, tana ci gaba da jin saƙonsa na zaburar da jijiyoyin da ke matse hanyoyin jini. Yadda ake auna haɗarin tumbi yana cikin amsar da ta shafi gwaji.

Azumin Ramadan yana rikita leftin?

Leftin na faɗuwa sosai idan mutum ya yi yini da kwana ko fiye bai ci komai ba, tun kafin kitse ya ragu. Azumin Ramadan bai kai nan ba, tunda ana buɗa baki ana sahur. Abin da ya fi sauyawa shi ne lokaci, domin leftin da ya saba kai ƙololuwa da tsakar dare yana bin lokacin cin abinci da barci. Matsalar tana kan faranti: wanda ya sha ruwa da kunu mai sukari, ƙosai, soyayyen dankali da lemun kwalba, ya bi da shinkafa bayan asham, zai iya fita daga watan ya fi yadda ya shiga nauyi.

Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin ya ga likita tun a watan Sha'aban. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a karya azumi idan sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a ma'aunin miligiram.

Da gaske rashin barci na ƙara yunwa?

A 2004 masu bincike a Jami'ar Chicago sun taƙaita barcin samari 12 zuwa awa huɗu na dare biyu, leftin ɗinsu ya ragu da kashi 18 cikin 100, girelin ya ƙaru da kashi 28, kwaɗayinsu kuma ya karkata ga zaƙi da abinci mai sitaci. Binciken baya bai samu sauyin leftin iri ɗaya a kowane lokaci ba, amma ƙaruwar ci ga wanda bai samu barci ba ta sha maimaituwa. Direban da ke kwana a hanyar Yauri da mai gadin dare su lura da abin da hannunsu ke kai wa baki da asuba.

Me ya haɗa shi da al'ada da haihuwa?

Mata sun fi maza leftin ninki biyu zuwa uku, ko da tsawo da nauyi sun zo ɗaya, mabiyiya ma tana ƙera shi a lokacin goyon ciki. Ƙwaƙwalwa tana duba shi kafin ta ba da izinin balaga da sakin ƙwai, shi ya sa macen da ta rame ƙwarai saboda yunwa, ciwo ko aiki mai tsanani al'adarta kan ɗauke. A wani gwaji na 2004 a Boston, allurar leftin ta dawo da sakin ƙwai ga wasu daga cikin irin waɗannan mata. Amma matsalar haihuwa ga mace mai ƙiba ba ta rashin leftin ba ce, tana da shi har ya yi yawa, kuma hanyarta daban ce.

Yaya batun yara masu tamowa?

Nan ne aikin gangamin ya fi fitowa fili. Wani bincike a asibitin Mulago na Kampala, wanda aka wallafa a 2014, ya gano cewa ƙarancin leftin a ranar kwantar da yaro mai tamowa na daga manyan alamun haɗarin mutuwa, domin yana nuna rumbun ya ƙare ƙaf, kuma garkuwar jiki ma tana dogaro da leftin. Maganin ba allurar leftin ba ce, abinci ne na musamman, irin madarar asibiti da kwaɓin gyaɗar nan da ake bayarwa a cibiyoyin tamowa. Yaron da ƙafafunsa suka kumbura, ko ya ƙi cin abinci gaba ɗaya, a kai shi a ranar.

Ni ƙiba nake nema. Ƙwayoyin "sha ka fashe" fa?

Yawancin abin da ake sayarwa da wannan suna deksametason ne ko sifroheftadin, ko haɗin biyun. Deksametason yana ƙara leftin a jini amma yana ƙara ci tare da shi, ya tara kitse a fuska, wuya da tumbi, ya sirantar da hannu da ƙafa, ya ɗaga sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi. Kumatun da amarya ke samu kafin biki ta wannan hanya kitse ne haɗe da ruwan da jiki ya riƙe. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke lokaci guda, domin yin haka na iya jefa ta cikin mawuyacin hali. Likita ne zai rage mata a hankali.

Akwai ƙwayar leftin da ake tallatawa a waya. Tana aiki?

Wata dattijuwa ta taɓa ciro kwalba daga jakarta, an naɗe ta da baƙar leda, ta ajiye a kan tebur ta ce, "Ɗana, duba min wannan, jikata ce ta saya min a WhatsApp, wai yana gyara leftin." Na juya bayan kwalbar, abin da aka lissafa garin ganyen shayi ne da ɓawon hatsi da wasu saiwoyi, babu lambar NAFDAC. Na ce mata, "Hajiya, ko da akwai leftin a ciki, furotin ne, ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da kifi." Ta yi shiru, sannan ta tambaya ko ana mayar da kuɗi.

Leftin na gaskiya allura ce mai tsadar gaske, kuma ga masu cututtukan nan da ba safai ake gani ba take amfani, kamar yadda aka bayyana a amsar gado da ta ciwon sukari.

In je a gwada min leftin?

Ga yawancin mutane ɓarnar kuɗi ne, domin sakamakon zai faɗi abin da madubi ya riga ya faɗa. Tef ɗin tela ya fi shi amfani. A tsaya a miƙe, a ɗage riga, a zagaya tef tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, a saki numfashi ba tare da shanye ciki ba. Santimita 94 ga namiji da 80 ga mace su ne inda haɗari ke farawa, ko kuma a sauƙaƙe, kada zagayen ciki ya kai rabin tsawon mutum. Sai gwajin sukari da safe kafin karyawa, inda 100 zuwa 125 ke nuna ana bakin gaɓa, 126 ko fiye a gwaji biyu kuma ciwon sukari ne, tare da awon hawan jini da na maiƙon jini. Ana yin waɗannan a Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi, da manyan asibitocin ƙananan hukumomi.

Wane abinci ne zai taimaka a ƙasar shinkafa irin tamu?

Babu abincin da aka tabbatar yana gyara leftin kai tsaye, amma akwai wanda ke sa yunwar da ya tayar ta zo da sauƙi. Furotin da ganye sun fi daɗewa a ciki: kifin Argungu da Yauri gasasshe ko a miya, wake, ƙwai, nono marar sukari, kwaɗon zogale ko rama, kuɓewa da kuka. Ba a ce a bar tuwon shinkafa ba, maganar da babu wanda zai bi a Kebbi. A rage malmala, a yawaita miya da ganye, a riƙa musanyawa da tuwon dawa ko gero. Abin sha mai sukari ya fi komai yaudara, domin yana shiga ba tare da ya ƙosar ba, kuma fura ba ta da laifi sai an zuba mata cokali huɗu. Tafiyar ƙafa ta minti 30, kwana biyar a mako, tana rage kitsen tumbi ko da sikeli bai motsa sosai ba.

Sababbin alluran rage ƙiba leftin ne a cikinsu?

Ba shi ba ne. Ozempic da Wegovy suna ɗauke da semagilutayid, wanda ke kwaikwayon wani homon na hanji, ɗaya daga cikin masu kawo ƙoshin da aka ambata a amsar tuwo. A babban gwajin da aka wallafa a 2021, masu amfani da shi sun rage kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a mako 68, amma waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage a cikin shekara guda, domin ƙwaƙwalwa ba ta manta girman rumbunta na da ba. Yana kawo tashin zuciya da amai ga wasu, ba a ba mai ciki, kuma yana buƙatar firji kafin a fara amfani da shi, abin da ba ƙaramin al'amari ba ne a zafin watan Afrilu na Birnin Kebbi idan wuta ta ɗauke. A watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka kama a wasu ƙasashe, saboda haka duk allurar da ba likita ne ya rubuta ba, ba kuma daga kantin magani mai rajista ta fito ba, kada a bari ta taɓa fata.